Dala 130 aka sayi Superman: cuta ce ko ciniki?

Abban Zara:
Salamu alaikum 'yan gida. Ga wani zance da nake so marubuta da masu zanen da ke cikinmu su duba mana. Superman ɗin nan da duniya ta sani, samari biyu ne suka ƙirƙiro shi a birnin Cleveland na Amurka: Jerry Siegel mai rubuta labarin, da Joe Shuster mai zanawa. Ranar 1 ga Maris 1938 kamfanin Detective Comics, wato DC na yau, ya rubuta musu cek. Dala 130 ce kuɗin Superman a ciki, shafi 13, kowane shafi dala 10, kuma suka sa hannu cewa jarumin ya zama na kamfani har abada. Kowa ya tashi da dala 65. Ko sunayensu ba a rubuta daidai ba a jikin cek ɗin. A 2012 an yi gwanjon ita takardar cek ɗin, aka saye ta dala 160,000. A 2024 kuma kwafi ɗaya tak na Action Comics ta 1, mujallar da Superman ya fara fitowa a ciki, wadda yara ke saye santi 10, ya tashi dala miliyan 6. To jama'a, cuta ce ko ciniki?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ciniki ne, Abban Zara, ciniki tsantsa. Tun 1933 suke yawo da abin nan, masu jaridu na dawo musu da shi. Shekara biyar babu wanda ya taya. Wanda ya ba da dala 130 kasada ya yi da kuɗinsa. Shi ya sayi takarda, shi ya biya maɗaba'a, shi ya san hanyar da mujalla za ta bi ta isa shaguna. Da ta kwanta masa, za su mayar masa da ko sisi? Mu a kasuwa in ka sayar ka sayar. Sai kaya ya yi daraja a hannun mai saye sannan ake tuna an yi arha.

Maman Ilham:
Haba Alhaji. Kai dama duk inda aka haɗa mai kuɗi da mai fasaha an san inda za ka tsaya.

Ɗan Kurmi:
Inda gaskiya take nake tsayawa, Hajiya.

Sadiq Mai Zane:
Kafin a yanke hukunci a san ko su wane ne yaran. Dukansu a 1914 aka haife su, dukansu 'ya'yan Yahudawa ne da suka baro Turai neman mafaka da abinci. Iyayen Siegel daga Lituwaniya suka zo, shi ne auta cikin 'ya'ya shida. Shuster a Toronto ta Kanada aka haife shi, yana yaro ya yi tallan jaridar Toronto Star, sai yana wajen shekara goma suka koma Cleveland. Mahaifinsa tela ne, gidan kuma babu. Takardar zane ma gagararsa take yi, sai ya bi shaguna yana tsintar wadda aka yar. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar da ya tsinci ragowar takardar da ake liƙa wa bango, ya kwashe ta ya daɗe yana zane a bayanta. Ga idonsa ba ƙarfi tun yana ƙarami, sai ya kusa haɗa fuskarsa da takarda yake ganin abin da hannunsa ke yi. A sakandaren Glenville suka haɗu da Siegel. Ku kuma tuna lokacin: bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 ne, magidanta na bin layi a ba su miya kyauta. Yaro ɗan shekara 23 a wannan hali, wanda aka yi ta kora shekara biyar, ka miƙa masa takarda ka ce sa hannu in buga maka aikinka, kana ganin zai ce dakata in nemo lauya?

Ummi:
Yaya Sadiq, na taɓa ji wai 'yan fashi ne suka harbe baban Siegel, shi ya sa ya ƙirƙiro mutumin da harsashi ba ya huda shi. Haka ne?

Sadiq Mai Zane:
An ƙara wa labarin gishiri, ƙanwata. Baban nasa yana da shagon tufafi, ɓarayi suka shiga masa a Yunin 1932, ya yanke jiki ya faɗi ya mutu. Amma bugun zuciya takardun hukuma suka rubuta, ba harbi ba. Haɗa mutuwar da haihuwar Superman kuwa masu nazari ne suka yi daga baya. Kin ga ma Superman na farko da suka fitar, a Janairun 1933 cikin wata 'yar mujalla da suke bugawa da kansu, mugu ne mai ƙwal-ƙwal ɗin kai, wanda ya samu ikon karanta zukatan mutane yake neman mallake duniya. Daga baya ne Siegel ya juya shi ya zama na kirki.

Baba Ɗanjuma:
Yara, ku bari in sa baki, tunda a maɗaba'a na tsufa. Alhaji yana da gaskiya ta fuska ɗaya: haka sana'ar take a wancan zamani. Da shafi ake biyan mai zane, ya miƙa aiki ya karɓi kuɗinsa, aikin ya zama na kamfani. Su ma ba baƙi ba ne a gidan. Tun 1935 suke yi masa aiki, sun yi labaran Doctor Occult, sun yi na Slam Bradley wanda ya fito a mujallar Detective Comics ta farko a 1937. Shi ya sa jimillar cek ɗin dala 412 ce, sauran kuɗin na wasu ayyukan ne. Sun san tsarin sarai.

Abin da ba su sani ba, mai kamfanin ma bai sani ba, shi ne abin da zai biyo baya. An buga Action Comics ta 1 kwafi wajen 200,000, kafin a ankara yara na zuwa shago ba sa ma kiran sunan mujallar, cewa suke a ba su wadda ke da Superman a ciki. Janairun 1939 ya shiga jaridu kullum. A shekarar aka ba shi mujalla tasa ta kansa. Fabrairun 1940 ya shiga rediyo, 1941 ya zama katun a sinima. Sai riguna, sai kayan wasan yara, kowa na biyan kamfani kafin ya manna hoton. A nan dukiyar take, ba a shafukan ba. Ni inda nake ganin laifin su Harry Donenfeld da Jack Liebowitz, masu kamfanin, shi ne da Allah ya buɗa, mai mutunci sai ya kira yaran ya ce ku zo mu sake zama, ga kasonku a cikin jarumin.

Ɗan Kurmi:
Allah ya ƙara girma Baba, amma ai an sake zaman. An ba su kwantiragi na shekaru, an ƙara musu kuɗin shafi, an ba su kaso a kuɗin jaridu. Tsakanin 1938 da 1947 abin da kamfanin ya biya su su biyu ya haura dala 400,000. A wancan lokacin fa! Wannan ne masu ba da labarin dala 130 ba sa faɗa, don zai rage wa labarin daɗi. Mutanen nan sun sayi gidaje, sun hau motoci, jaridu na buga hotunansu.

Sadiq Mai Zane:
Alhaji, ka raba kuɗin biyu, ka sake raba shi shekara tara. Sannan aikin ya yi wa Shuster yawa, idon na ƙara lalacewa, dole ya buɗe ɗakin zane a Cleveland ya ɗauki masu taimaka masa, irin su Wayne Boring da Paul Cassidy, kuma daga cikin wannan kuɗin ake biyansu. Ban ce sun yi yunwa a shekarun nan ba. Amma ladan aiki aka biya su. Ranar da aka ce kada ku zo gobe, ranar komai ya tsaya.

Maman Ilham:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin labaran da Siegel ya fara rubutawa. Ku manta da Superman mai tashi sama yana faɗa da halittun wata duniya. Na 1938 ba ya ma tashi, tsalle yake yi. A fitowar farko ya kutsa gidan gwamna da tsakar dare don ya ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta yi ba, ya je ya lallasa wani mai dukan matarsa, ya damƙo wani dillalin cin hanci a Washington. Bayan wata biyu ya kai wani mai mahaƙar ma'adinai cikin ramin da yake tura leburorinsa, ya bar shi ya ɗanɗana. A wani labarin ya rushe unguwar marasa galihu gaba ɗaya don ya tilasta wa gwamnati ta gina musu gidaje masu kyau. Yaron da ya zauna ya rubuta jarumin da ke ƙwatar wa talaka haƙƙinsa daga hannun masu kuɗi, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana roƙon nasa haƙƙin.

Barista Nafi'u:
Bari in shigo da ɓangaren kotu, don a nan ne labarin ya karye, ba a 1938 ba. A 1943 aka ɗauki Siegel soja, aka tura shi Hawai. Shuster kuwa an ƙi ɗaukarsa saboda idonsa. Tun kafin nan Siegel ya kai wa kamfani shawarar a yi labarin Superman yana yaro, wato Superboy, ba su karɓa ba. Yana can a soja suka fitar da shi a ƙarshen 1944 ba tare da izininsa ba. Ya dawo a fusace. A 1947 su biyun suka shigar da ƙara a wata kotu a jihar New York, suna neman a mayar musu da Superman da Superboy.

Alƙali ya ce Superman na kamfani ne, takardar 1938 tana nan daram. Superboy kuwa na Siegel ne, tunda ba a saya ba. A 1948 aka sasanta a wajen kotu: kamfani ya ba su dala 94,013, su kuma suka saki komai, har da Superboy ɗin da suka ci. Lauya ya cire nasa. Kamfani ya sallame su daga aiki, ya kuma goge sunayensu daga shafukan. Shekara goma duk labarin Superman yana fitowa da sunan Siegel da Shuster a sama. Daga 1948 babu.

A matsayina na lauya ba zan ce alƙalin ya yi kuskure ba. Takarda ce, sun sa hannu, sun karɓi kuɗi. Amma goge sunan ba kotu ce ta umarta ba. Ramuwar gayya ce.

Ɗan Kurmi:
To Barista, ka kai ni kotu kana neman ƙwace min jarin da nake ci da shi, sannan ka ce in ci gaba da tallata sunanka? Su suka fara. Da sun yi haƙuri sun ci gaba da karɓar albashinsu, da ba a kai nan ba.

Maman Ilham:
Ba tallata suna ba ne, Alhaji, faɗin gaskiya ne. Gidan da ka saya naka ne, amma ba ka isa ka ce kai ka haifi wanda ya gina shi ba, ko ka ce daga sama ya faɗo. Ni marubuciya ce, na san abin da nake faɗa. Kuɗi ana cinyewa. Suna kuwa shi ne abin da za ka ɗauka ka kai wani kamfanin ka ce ni ne na yi wancan, ku ba ni aiki. Da aka goge shi, hanyar cin abincinsu ta gaba aka toshe.

Sadiq Mai Zane:
Ku ji wani abin takaici a kan wannan. A Fabrairun 1940 mujallar Look ta sa su yi gajeren labari na shafi biyu, inda Superman ya cafko Hitler da Stalin ya kai su Geneva a yi musu shari'a. A Afrilun shekarar jaridar rundunar SS ta 'yan Nazi ta fito ta zagi Jerry Siegel da sunansa, tana masa gorin Yahudanci. Wato a Jamus maƙiyansa sun san wanda ya ƙirƙiro Superman, amma yaron Amurka da ya tashi a shekarun 1950 yana karanta shi kullum bai taɓa ganin sunan ba.

Malam Auwal:
Salamu alaikum. Tunda an tambayi cuta ce ko ciniki, bari in ɗan taɓo abin da muka karanta, duk da mutanen ba da shari'armu suka yi mu'amala ba. Malamanmu na Malikiyya galibi ba sa warware ciniki don kawai an yi arha. Inda suke ba da damar warwarewa shi ne mai sayarwa ya jahilci farashi, ya dogara ga amanar abokin cinikinsa, shi kuma ya cuce shi yana sane. A nan kuwa babu wanda ya san darajar abin ranar da aka sayar. Don haka cinikin 1938 da wuya a kira shi haramtacce. Amma halal daban, kyautatawa daban. Batun suna kuma, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Danganta aiki ga mai shi amana ce. A nan ina tare da Hajiya.

Ummi:
To bayan an kore su me suka yi? Ba su ƙirƙiro wani ba?

Sadiq Mai Zane:
Sun gwada. A 1948 suka fitar da Funnyman, wani ɗan wasan barkwanci mai yaƙi da miyagu, kuma wannan karon sun riƙe mallakarsa. Fitowa shida ya yi ya mutu. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Na Shuster ya fi muni, don mai zane da ido yake ci. A shekarun 1950 har ya kai ga zana wasu ƙananan littattafan batsa a ɓoye ba suna, sai bayan mutuwarsa masu bincike suka gane hannunsa ne. Daga baya zanen ma ya gagara, ya koma masinja yana kai saƙo ofis-ofis a New York. Jerry Robinson, wanda ya yi aiki a kan Batman, ya ba da labarin cewa wata rana saƙon ya kai Shuster ginin da ofishin DC yake, da tsohuwar riga a jikinsa, ma'aikata suka gane shi. Shugaban kamfanin ya kira shi ya ba shi dala 100 ya ce ya sayi sabon kwat, ya kuma nemi wani aikin. Zuwa 1975 ya kusa makancewa, yana zaune da ɗan'uwansa a wani ɗan gida a unguwar Queens.

Abban Zara:
Innalillahi. Shi kuma Siegel?

Maman Ilham:
Wannan ni zan ba da, don akwai mace a ciki da ba a cika ambata ba. Joanne sunanta. Tana 'yar budurwa a Cleveland ta sa talla a jarida tana neman aikin tsayawa a zana ta, Shuster ya ɗauke ta, da ita ya zana Lois Lane, 'yar jaridar da ke cikin labarin Superman. A 1948 ta auri Siegel, daidai lokacin da komai ya rushe. Da talauci ya yi tsanani ita ta je ta matsa wa kamfanin, a 1959 suka mayar da shi aiki. Amma fa a matsayin ɗan ƙwadago mai rubutu da shafi, ƙarƙashin edita Mort Weisinger wanda ya yi suna wajen wulaƙanta marubuta, kuma ba suna. Ku yi tunani: kana rubuta labarin jarumin da ka haifa, wani yana yaga maka takarda, mai karatu bai san kai ne ba. Duk da haka a wannan lokacin ya rubuta wasu daga cikin labaran da masoya Superman suka fi yabawa har yau, ciki har da na 1961 inda babban abokin gabarsa Lex Luthor ya kashe shi.

Barista Nafi'u:
Kuma ya sake rasa aikin saboda kotu. Dokar Amurka ta lokacin tana ba da kariyar haƙƙin mallaka ta shekara 28, sannan a sabunta. Daga 1938, wa'adin farko ya cika a 1966, sai Siegel da Shuster suka ce sabuntawar tasu ce, suka koma kotu. Kotu ta ce a'a a 1973, suka ɗaukaka ƙara, aka sake kayar da su a 1974. Lokacin Siegel yana Kalifoniya yana aikin akawu mai buga tafireta, albashinsa wajen dala 7,000 a shekara.

Baba Ɗanjuma:
Abin da kotu ta kasa yi kunya ce ta yi. A 1975 Siegel ya ji ana shirin yin babban fim na Superman da miliyoyin daloli. Ya zauna ya buga doguwar wasiƙa ya rarraba wa gidajen jaridu, ya zayyana halin da suke ciki, ya tsine wa fim ɗin, ya roƙi jama'a kada su kalla. Da farko ba a kula ba. Sai masu zane biyu da ake jin maganarsu, Neal Adams da shi Jerry Robinson, suka ɗauki zancen suka kai talabijin da jaridu. Kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC a lokacin, ya ga za a ɓata masa fim tun bai fito ba. A Disamban 1975 ya amince zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara har ƙarshen rayuwa, da kuɗin asibiti. Robinson ya ce abu na ƙarshe da aka yi ta ja a kai shi ne mayar da sunan, kamfani ya fi sauƙin sakin kuɗin a kan sakin wannan. Amma an mayar. Da fim ɗin ya fito a 1978 sunayensu na jikin allo.

Sadiq Mai Zane:
A fim ɗin nan, Baba, an biya Marlon Brando dala miliyan 3.7, ban da kaso, don ya fito na 'yan mintuna a matsayin uban Superman. Iyayen Superman na gaskiya kuma dala 20,000 a shekara.

Ɗan Kurmi:
Brando ya san darajar kansa ne, ya yi ciniki kafin ya sa hannu. Ga Bob Kane nan mai Batman, a kamfani ɗaya, a zamani ɗaya. Bai tsaya rigima a kotu ba, ya zauna da su ya daidaita, sunansa bai taɓa sauka daga kan Batman ba, ya mutu da arzikinsa. Me ya hana su yin wayon da ya yi?

Sadiq Mai Zane:
Alhaji, da ka san wanda ka ɗauko da ba ka kawo shi misali ba. Wayon Kane a kan wani ya hau. Bill Finger ne ya rubuta labaran Batman na farko, shi ya ba da shawarar kamannin shigar, shi ya raɗa wa Batman sunansa na ainihi Bruce Wayne, da sunan birninsa Gotham. Kane ya je shi kaɗai ya ƙulla yarjejeniyar da ta ce sunansa ne kawai zai fito. Finger ya mutu a 1974 ba shi da komai, sai a 2015 DC ta fara sa sunansa. Wato abin da kamfani ya yi wa su Siegel, shi Kane ya yi wa abokin aikinsa.

Ɗan Kurmi:
Wannan kuma tsakaninsu ne. Ni dai maganata ɗaya: karanta kafin ka sa hannu.

Ummi:
Su Siegel suna raye har yanzu?

Barista Nafi'u:
Shuster ya mutu a Yulin 1992, Siegel a Janairun 1996, dukansu a Los Angeles. Amma shari'ar ba ta mutu da su ba. Dokar Amurka ta 1976 ta ba mawallafi ko magadansa damar soke tsohon ciniki bayan wasu shekaru, daidai saboda irin wannan matsala ta wanda ya sayar tun bai san darajar abinsa ba. Joanne da 'yarta Laura suka yi amfani da ita a 1997. A 2008 wani alƙalin tarayya ya ce sun dawo da kason Siegel na abin da ke cikin Action Comics ta 1, shekara 70 bayan cek ɗin. Joanne ta mutu a 2011 ana cikin shari'a. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ai tun 2001 iyalin sun amince da wata yarjejeniya da kamfanin ta hannun lauyansu, don haka Superman na Warner ne, su kuma a biya su abin da aka yi alkawari a ciki, wanda miliyoyi ne. Magadan Shuster su ma sun sha kaye, saboda 'yar'uwarsa ta sa hannu a 1992 kan dala 25,000 a shekara. Ku lura, an sha kayar da gidajen nan, kuma kowane karo wata takarda ce da wani nasu ya sa wa hannu.

Maman Ilham:
Barista, wannan fa ba labarin Amurka kaɗai ba ne. Mu nan da yawa cikin marubutan da suka gabace mu haka suka riƙa miƙa littafi ga ɗan kasuwa a biya su sau ɗaya, ya yi ta bugawa shekara da shekaru. Yanzu kuma ba a ma saye. Ni da kaina na tarar da littafina a wata tasha a YouTube ana karanta shi kashi-kashi, an canza masa suna, nawa sunan babu ko a ƙasa. Da na yi magana mai tashar ya ce ai a WhatsApp ya tsince shi, kuma tallata ni yake yi. Tallata wa, tunda ba a ambace ni ba?

Barista Nafi'u:
Hajiya, ke matsayinki ya fi na su Siegel ƙarfi nesa ba kusa ba, don ke ba ki sayar ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, mallakar littafi ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma ko kin sayar, haƙƙin a ambaci sunanki a matsayin marubuciya yana nan. Ki adana rubutunki na asali da ranar da kika fara sakinsa, ki shigar da ƙorafi ta hanyar da YouTube ya tanada don masu haƙƙin mallaka, suna sauke bidiyo a kan haka. In kuma wani ya zo saye, ki ba shi izini na wa'adi, a rubuta shekara nawa, a rubuta bugawa ce kawai ko har da karantawa da fim. Kalmar "har abada" in kin gan ta a takarda, ki ajiye biro.

Baba Ɗanjuma:
Sai dai Barista, mai jin yunwa ba ya ajiye biro. Na ga marubuta da yawa a bakin injinmu, sun san abin da ke cikin takardar, amma kuɗin haya na jiransu a gida. Su Siegel ma ba wauta ce ta sa su sa hannu ba.

Ɗan Kurmi:
To ni yanzu tambaya gare ni. Na ji an ce akwai ranar da Superman zai zama na kowa da kowa. In haka ne in fara shirin buga riguna.

Barista Nafi'u:
Kada ka yi saurin yin odar yadi, Alhaji. A dokar Amurka kariyar ayyukan wancan zamani shekara 95 ce, don haka ranar 1 ga Janairun 2034 abin da ke cikin Action Comics ta 1 zai fita daga hannun kamfani. Amma na 1938 ɗin kaɗai: mai tsalle, mai aiki a jarida, da Clark Kent, wato sunan da yake ɓuya da shi, da Lois Lane kamar yadda suka fito a lokacin. Tashi sama, da Lex Luthor, da koren dutsen nan da ke karya masa ƙarfi, duk daga baya suka zo, kowanne da ranarsa. Sunan Superman da tambarin S da ka sani a ƙirji kuwa alamar kasuwanci ce mai rajista, ita ba ta da wa'adi muddin kamfani na amfani da ita. Sadiq zai iya zana sabon labari da jarumin 1938. Kai mai riga, lauyoyin Warner za su iya nemanka.

Ɗan Kurmi:
Su zo Kurmi su same ni.